Dafa Shayi: Na Buzaye Mai Kumfa Da Na Madara Mai Kauri

Ƙarfin shayi daban, baurinsa daban, kuma duk mai dafawar da bai raba su ba kullum a cika sukari yake ƙarewa. Ƙarfi daga yawan ganye yake zuwa. Bauri kuwa, wannan da ke kama harshe ya busar da baki, daɗewar ganye a ruwan zafi ke kawo shi. Sinadarin da ke haddasa shi dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majema ke jeme fata da ita. Ƙamshi da sinadarin kafeyin mai wartsake jiki su ke fara fita a mintunan farko, bauri ya biyo baya, kuma ba ya daina fita muddin ganyen yana cikin ruwa. Saboda haka wanda ke son shayinsa ya yi ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara lokaci.

Shayin Buzaye, wanda wasu ke kira ataya, shi ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida da gangan. Ana tafasa ganyen har baurin ya fito, sannan a lallashe shi da sukari da kumfa da ƙanƙantar finjali. Shayin madara irin na teburin mai shayi kuwa guje wa bauri ake yi tun farko. Hanyoyin biyu ne, ganyen ma biyu ne, kuma haɗa su a kai ɗaya shi ke ɓata aiki.

Ganye

Koren shayi da baƙin shayi daga itace ɗaya suke. A sarrafawa suka rabu: kore ana gasa shi ko a turara shi da zarar an tsinko, don ya tsaya a launinsa, baƙi kuwa ana murje shi a bar iska ta ratsa shi har ya rine kafin a busar.

Na ataya koren shayin ƙasar Sin ne, kuma iri biyu aka fi samu a kasuwannin Agadas, Tawa, Damagaram, Maraɗi da Kano. Akwai mai dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar harsashin bindigar gargajiya, wanda galibi za ka ga lamba 3505 a jikin kwalinsa. Akwai kuma mai siririn ganye a lanƙwashe kamar gira, mai lamba 41022 ko 9371. Mai dunƙulen ya fi jure wuta, yana buɗewa a hankali, don haka yana kai dahuwa ta uku da sauran ƙarfinsa. Mai siririn ganyen ya fi saurin saki, ya fi kumfa a hannun yawancin mutane, amma ya fi saurin yin ɗaci idan an yi sakaci.

Kafin ka saya da yawa, buɗe ƙaramin kwali ɗaya mai giram 25 ka zuba a tafin hannu. Ganye mai kyau kore ne mai duhu da ɗan sheƙi, ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya. Idan ka ga kara-kara da gari sun yi yawa, ko launin ya koma ruwan ƙasa, ko ka ji warin ɗaki maimakon ƙamshin ciyawa da ɗan hayaƙi, ya kwana biyu a shago. Shayi yana da kwaɗayin wari. Kwalin da ya zauna kusa da omo, daddawa, turare ko kananzir ya riga ya sha, kuma babu dahuwar da za ta cire masa. A gida a juye shi cikin gwangwani mai murfi da ke kamawa sosai, musamman da damina.

Baƙin shayi yawanci a 'yar jaka mai zare yake zuwa, wadda kowa ke kira Lipton ko da wane kamfani ya yi ta. Kowace jaka tana ɗauke da kimanin giram 2. Akwai na gida, wanda ake nomawa a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, akwai kuma na Kenya da Indiya da Siri Lanka. Abin da ke cikin jaka niƙaƙƙe ne ƙwarai, shi ya sa yake rina ruwa nan take, shi ya sa kuma ba ya son daɗewa.

Ruwa

Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana dusashe launin shayi, ya bar wata yana mai ƙyalli a samansa kamar an ɗiga mai, ya kuma danne ƙamshi. Alamar irin wannan ruwa ita ce farin ɓawon da ke taruwa a gindin buta. Idan naka haka yake, yi shayin da ruwan leda mai kyau. Ruwan famfo mai warin magani a bar shi ya tafasa minti biyu a buɗe, warin zai ragu. Ruwan randa yana da daɗin sha, amma sabuwar randa tana ba shayi ɗanɗanon ƙasa. Ruwan da ya kwana a buta a zubar, a ɗebo sabo.

Kaya da wuta

Ana bukatar ƙaramar butar ƙarfe mai dogon baki wadda ke cin finjali shida zuwa bakwai, ƙananan finjalan gilashi huɗu ko biyar, faranti, kwanon ruwan ɗauraya, murhun waya ko ƙaramin kurfoti, gawayi da mafici. Buta biyu sun fi ɗaya: guda tana kan wuta da ganye, guda ana haɗa sukari a ciki. Da guda ɗaya ma ana yi, sai dai aikin ya fi jan lokaci. Sabuwar buta a tafasa tsohon ganye a cikinta sau ɗaya a zubar kafin a fara sha da ita, don warin ƙarfe ya tafi.

A hura gawayin har ya daina hayaƙi, ya yi ja, farar toka ta fara rufe shi, sannan a ɗora buta. Wanda ya kunna da leda ko kananzir ya ɗora nan take, zai sha abin da ya kunna da shi. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Ana iya yi a kan gas, a mayar da shi can ƙasa, amma butar ƙarama ce, wutar gas tana lasar gefenta ta ƙona ganyen da ya manne a sama.

Lokacin hunturu kada a shiga da murhun cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kawo ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. A zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa ko a tsakar gida ake wannan aiki.

Dahuwar farko

Ma'aunin duka finjalin da za a sha da shi ne. Na mutum huɗu zuwa biyar:

ganye finjali 1, a shafe daidai baki (kusan ƙaramin kwali guda);
ruwa finjali 5;
sukari rabin finjali zuwa kashi uku cikin huɗu.

Zuba ganyen a buta, ka zuba masa ruwan zafi finjali guda, ka kaɗa butar kamar daƙiƙa 20, ka tsiyaye ka zubar. Wannan wanki ne, yana fitar da ƙura da garin ganye waɗanda su ke fara kawo ɗaci. Kada ya wuce haka. Idan ka bar shi minti ɗaya ko biyu, rabin ƙamshin ka zubar a ƙasa.

Sai ka zuba ruwa finjali biyar, ka zaunar da butar a kan garwashi. Da ya fara tafasa zai taso da kumfa yana neman fita ta baki da murfi. Ɗaga butar, ka juye finjali ɗaya, ka mayar ciki, ka sake ɗorawa a gefen wuta inda zai riƙa ɓararraka a hankali. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Abin lura shi ne ruwan ya ragu da kamar finjali guda, launinsa ya koma ruwan zuma mai duhu, ganyen ya buɗe ya cika kusan rabin buta. Idan ka bar shi ya ƙone har ya koma finjali biyu, ɗacin ya wuce inda sukari zai kai, kuma ka kashe dahuwa ta biyu tun ba a zo ba, don ganyen ya gama sakin abin da ke cikinsa.

Tsiyaye ruwan cikin buta ta biyu, ka bar ganyen a ta farko, ka zuba masa sabon ruwa ka mayar wuta. Haka na biyu zai riƙa dahuwa kana aikin na farko. Zuba sukari a ruwan da ka tsiyaye. Ba a sa cokali. Juyawa tsakanin buta da finjali sau huɗu ko biyar ita ke narkar da shi. Ɗanɗana kaɗan. Na farko ana so ɗacinsa ya fito fili, sukari yana biye da shi, ba ya gabansa.

Kumfa

A nan ake gane hannu. Cika finjali ɗaya zuwa kashi biyu cikin uku, ka ɗauki wani wanda babu komai, ka riƙe kowanne ta baki da yatsa biyu don gindin yana ƙuna. Fara zubawa suna kusa da juna, sai ka ɗaga na saman a hankali har tazarar ta kai kamu ɗaya ko fiye, ruwan yana sauka siriri kamar zare a tsakiyar na ƙasa, ka sauko da hannun kafin ya ƙare. Ka mayar haka. Wajen sheƙa ta goma za ka ga farar kumfa ta fara tsayawa, wajen ta ashirin zuwa talatin ta kai kaurin yatsa biyu. Sai ka tsiyaye ruwan a hankali cikin finjali na gaba, kumfar ta zauna a na baya, ka ci gaba da shi har kowane finjali ya samu tasa.

Ganyen shayi yana da wani sinadari mai yin kumfa idan iska ta shige shi, sukari kuma yana ba ruwan danƙon da ke riƙe ta. Don haka idan kumfa ta ƙi, dalilin ba ya wuce huɗu. Ko shayin ya yi tsararo, ko sukarin bai kai ba, ko ruwan yana da zafi ƙwarai (a bar shi ya ɗan huce, kumfar ruwa mai tafasa manyan ƙwayoyi ce masu fashewa nan da nan), ko kuwa finjalin yana da maiƙo. Na ƙarshen nan ya fi yawa kuma an fi mantawa da shi. Hannun da ya taɓa tsire ko ƙosai ya riƙe bakin finjali ya gama da kumfar ranar. Ragowar sabulu ma haka. Finjalan ataya da ruwa zalla ake ɗauraye su, kuma ba a shan wani abu da su.

Sabon hannu ya yi sheƙarsa a kan faranti, ya fara da tazara kaɗan. Tsayi yana zuwa da kansa.

Kafin a gama kumfa shayin ya huce. Mayar da shi buta, ka ɗora a wuta minti ɗaya ko biyu ya yi zafi ba tare da ya tafasa ba. A wannan tsakanin ka ɗauraye bayan finjalan, ka kiyaye ruwa ya shiga ciki, don sukari ya sa sun yi danƙo. Sannan ka zuba daga sama, rabin finjali ga kowa, kumfar ta taso ta cika sauran. A fara miƙa wa babba ko baƙo, da hannun dama. Idan mutane sun fi finjalai yawa, wanda ya sha ya dawo da nasa, kumfar tana nan, a zuba wa na gaba.

Na biyu da na uku

Ganyen da ka bari a wuta da ruwa finjali biyar ya samu minti 15 ko fiye yanzu. Tunda ya riga ya saki kaifinsa, daɗewa ba ta cutar da shi kamar na farko. A nan na'a-na'a ke shiga: reshe huɗu ko biyar, a wanke su sosai don daga lambu suke, a sa bayan an tsiyaye shayin, a ba su minti biyu a gefen wuta. Idan aka tafasa na'a-na'a tare da ganye tun farko, baƙi take yi, ƙamshinta ya bi tururi, ta bar ɗanɗanon dafaffen ganye. Sukari daidai da na farko, amma zai fi fitowa saboda ɗacin ya ragu. Mutane da yawa na biyun nan suka fi so, kuma da gaskiyarsu.

Na uku ruwa finjali huɗu ya isa, don ganyen ya gaji. Wanda ke son ya ɗan farfaɗo da shi ya ƙara sabon ganye cokalin shayi ɗaya. Ana iya jefa kanumfari biyu ko ɗan yankin citta. Shi ne mara nauyi, mai zaƙi, wanda ake ba wanda ba ya jure na farko. Daga kunna wuta zuwa finjalin ƙarshe, a ƙiyasta awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai sauri ya nemi na jaka.

Dahuwar farko ba ta son cikin da babu komai: tana tayar da zuciya, ta sa hannu rawa da bugun ƙirji. A ci wani abu tukuna, ko gyaɗa ce ko dabino. Mai juna biyu, mai gyambon ciki da wanda barci ke yi wa wuya su sha na uku kawai, ko su haƙura da na dare. Baurin shayi kuma yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, don haka mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Mai ciwon sukari ya sani cewa zama ɗaya na ataya sukari ne mai yawa, ko da finjalin ƙarami ne.

Baƙin shayi: ruwan bunu da na madara

Wannan ba a dafa shi a kan wuta, jiƙa shi ake yi. Ɗauraye kofin da ruwan zafi tukuna, musamman da sanyin safiya, don kofi mai sanyi yana kwashe zafin ruwan kafin ganye ya saki. Sa jaka ɗaya a kofi mai cin mililita 200 zuwa 250, ka zuba ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu a kanta, ka rufe da ɗan faranti. Minti 3 idan ruwan bunu za a sha, minti 4 zuwa 5 idan za a sa madara. Cire jakar, ka ɗan matse ta sau ɗaya a jikin cokali, kada ka murɗe ta kamar wanki. Babban kofin silba irin na mai shayi yana cin kusan rabin lita, jaka biyu yake so. Jaka ɗaya da aka bari minti goma a irin wannan kofi tana ba da ruwa mai duhu da bauri, babu ƙamshi.

A wurare masu tudu kamar Jos ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba, wajen 96, saboda haka a can ɗumama kofi da rufe shi sun fi muhimmanci, a kuma ƙara ɗan lokaci.

Madara bayan an cire jaka take shiga. Idan ta riga shiga, tana sanyaya ruwan, ganyen ya ƙi saki, a samu farin ruwa mai zaƙi kawai. Ta gwangwani babban cokali biyu zuwa uku ta isa kofi ɗaya. Ta gari a dama ta da ɗan ruwa mai ɗumi a wani kofi har ta narke, sannan a juye, in ba haka ba gudaji za ta yi. Kaurin da ake yabon mai shayi da shi daga abu biyu yake: shayin da ya yi ƙarfi tun kafin madara, da sheƙawa tsakanin kofi biyu sau biyar ko shida, wadda ke haɗe komai ta kuma rage zafin ya dawo daidai baki. Sirkawa da ruwan sanyi tana kashe shi.

Lemon tsami da madara ba sa haɗuwa a kofi ɗaya, tsinkewa take yi. A ruwan bunu kuwa 'yan ɗigo kaɗan suna washe launin su rage bauri. Zuma a sa ta bayan shayin ya ɗan huce, ƙamshinta ya fi zama.

Kayan ƙamshi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba citta da kanumfari da jakar shayi a tukunya ɗaya a bar su suna tafasa. Kayan ƙamshi suna son wuta, ganyen ba ya so. A lita ɗaya ta ruwa: ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a daddaƙa, kanumfari 4 ko 5, kirfa ɗan sanda guda kamar tsawon yatsa, masoro ƙwaya 3 ko 4 ga mai son yaji. A tafasa su minti 10 a rufe, a sauke, sannan a sa jaka huɗu a ba su minti huɗu, a tace. Busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji, rabin adadin ya isa. Kanumfari idan ya wuce kima yana kashe harshe ya rufe duk sauran. Kimba ɗaya tak, a fasa ta a cire 'ya'yan, don su ke da ɗaci.

Ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke tsinka madara idan ba ta dahu ba. Tafasawar minti goman nan tana kashe shi, amma wanda ya goga citta kai tsaye cikin shayin madara mai ɗumi zai ga ya yi ɗiddiga.

Idan za a zuba a fulas don sahur ko tafiya, a ɗauraye shi da tafasasshen ruwa, a tace shayin tas kada ganye ko jaka ta bi shi, kuma kada a haɗa da madara. Shayin madara da ya yi awanni a fulas yana canja ɗanɗano, yana iya lalacewa, kuma ƙarninsa yana kama murfin. A riƙe madarar daban a zuba a kofi. Fulas ɗin da ya riga ya ɗauki wari a cika shi da ruwan zafi da cokali ɗaya na bekin soda (farar hodar da ake sa wa fulawa don ta tashi), ya kwana a buɗe, a wanke da safe, a cire robar murfin a wanke ta ita kaɗai.